Ranar da Talla Ya Tare wa Inna Indo Hanya

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban wannan taro. Iyayenmu malamai da limamai. Masu unguwanni da dattawan birni. Alhazai da hajiyoyi 'yan kasuwa da suka bar shagunansu suka zo. Shugabannin makarantu da abokan aikina malamai. Matasanmu masu ƙirƙirar manhajoji da wasannin waya, waɗanda nake hangowa can a kujerun baya. Iyaye mata da iyaye maza. Da duk wanda ya tako daga cikin gari zuwa wannan zaure na GRA, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Barkanku da zuwa, barkanku da hanya, barkanmu da ruwan da ya sauka da safe. Ya gida, ya iyali, ya ƙoƙari?

Ina godiya ga Allah da ya tara mu lafiya. Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama, suka ga dacewar iyaye da malamai da masu ƙera wasanni su zauna ƙarƙashin rufi ɗaya. Ina kuma godiya da aka ba ni wannan dama, alhali ni ba masaniyar kwamfuta ba ce. Sunana Madina Usman, malamar firamare ce ni a Ƙofar Sauri. An nemi in yi magana a kan tallan da ake cusawa cikin wasannin waya, da 'yan ƙananan saye-sayen da ake sa mai wasa ya yi yana tsakiyar wasansa, da kuma ƙa'idojin da kantunan manhaja suka gindaya a kansu, wato waɗannan manyan kantuna na cikin waya inda kowa ke zuwa ya sauke wasa. Da aka same ni da maganar, na ce wasa ɗaya kawai na sani, mai ƙera wasa ɗaya na sani, mai yin wasa ɗaya na sani. Aka ce to, in zo in faɗi wannan ɗayan. Shi ne na zo.

Zan fara da mai yin wasan, domin ita ce babba.

Mahaifiyarmu ta rasu muna ƙanana, ni da ƙanena Sagiru, sai yayarta ta ɗauke mu ta raine mu. Sunanta Indo. Mu Inna muke ce mata, mutanen unguwa kuma Inna Indo. Ungozoma ce, kuma na tabbata a cikin wannan zaure akwai waɗanda hannunta ne ya fara taɓa su a duniya. Aikinta ya sa ta san birnin nan lungu-lungu, saƙo-saƙo, kuma da ƙafa ta san shi. Ba ta son babur, ba ta son a daidaita sahu. Takan ce suna sa gari ya wuce mutum kafin ya gaisa da shi. Idan ta fita daga Ƙofar Sauri za ta Ƙofar Kaura, sai ta tsaya a wannan zaure ta yi barka, ta leƙa wancan ta yi jaje, ta tambayi lafiyar yaron da ta yanke wa cibiya, wanda a lokacin ya riga ya yi gemu.

Wata safiya hawan jini ya kayar da ita a tsakar gida, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Matar da birni duka bai ishe ta ba, sai ga shi duniyarta ta koma ɗaki guda, da katifa, da taga mai kallon katangar maƙwabta. Abin da Allah ya bar mata shi ne hannun dama, da harshe mai nauyi, da tunani garau.

Na biyu shi ne mai ƙera wasan. Sagiru ya karanta ilimin kwamfuta, ya dawo gida ya nemi aiki bai samu ba, sai ya kafa 'yar rumfar gyaran waya kusa da Ƙofar Kaura. Kowace rana bayan la'asar yakan rufe rumfar ya dawo, ya zauna a bakin katifar Inna yana matsa mata ƙafa, ita kuma tana ba shi labarin garin da ta tashi a cikinsa. Ni ina daga ƙofa ina ji. Jama'a, wani irin gari ne wannan. Gari ne da ganuwa ke tsaye da tsayinta, awaki na kiwo a gindinta. Gari ne da idan damina ta sauka kududdufai ke cika su yi ta ƙyalli, kwaɗi na kuka, shamuwa na sauka kan kuka da tsamiya. Gari ne da hasumiyar Gobarau ke bin yarinya da kallo duk lungun da ta shiga. Takan yi maganar marina da ƙamshin baba, da baƙaƙen tufafi a shanye suna ɗiga. Da jakuna masu kayan kara suna shigowa ta ƙofa da hantsi. Da aninin da ake ɗaura mata a bakin zane idan an aike ta. Tana magana a hankali, kalma na jiran kalma, idanunta a lumshe, kai ka ce tana tafe ne a cikin garin tana leƙo mana shi.

Ban san ranar da Sagiru ya fara zanawa ba. Na dai ga ya rage hira da abokai, kuma tsohuwar kwamfutarsa ba ta rabuwa da cinyarsa. Ya ɗauki sautin ruwan sama a kan kwanon ɗakinmu. Ya ɗauki sautin dakan maƙwabta. Ya je gindin abin da ya saura na ganuwa ya zauna yana kallon launin ƙasar. Da ya gama, sai ya kawo wa Inna waya ya ɗora mata a tafin hannu, ya kama ɗan yatsanta ya nuna mata yadda za ta ja shi.

Wasan mai sauƙi ne. Wata 'yar yarinya ce da ƙwarya a ka, mahaifiyarta ta aike ta, za ta ratsa gari ta kai saƙo ta dawo gida. Babu faɗa, babu gudu, babu wanda ke bin wani. Wanda ya tafi a hankali shi ke ganin abin kallo: kaza da 'yan tsakinta na tsallaka hanya, inuwar gajimare na bin katanga, ɗigon ruwa na faɗowa daga indararo. Ya sa masa suna Aiken Indo.

Inna ta ja yatsanta, yarinyar ta taka. Ta sake ja, ta sake takawa. Muka ga bakinta ya motsa, gefen da ke motsi ya yi murmushi. Ta daɗe tana tafiya, sannan ta ce, "Sagiru, wagga ai hanyar marina ce. Amma ka mance da durumin da ke kan kwana."

Washegari durumi ya fito a kan kwana. Daga nan aikin ya zama na mutum biyu. Ita ke cewa wannan rijiya ta yi kusa da masallaci da yawa, wancan zaure azara ce a kansa, yarinyar nan kuma ba ta da tarbiyya, ta wuce dattawa ba ta rusuna ba. Shi kuma yana gyarawa. Matan unguwa suka fara zuwa dubiya suna zarcewa da kallo, kowace na neman lungunsu. Na kai wa ɗalibaina suka gani, yaran da aka haifa a zamanin kwalta da shaguna suka yi tsit suna kallon garinsu kafin a haifi iyayensu. Inna ta koma cin abinci da marmari. Da safe idan na shiga gaishe ta, sai ta ce mani yau za ta leƙa kasuwa, ko yau za ta bi ta gindin ganuwa. Wuri ɗaya ne Sagiru bai kammala ba, shi ne ƙarshen wasan, wato gidan mahaifin Inna inda yarinyar za ta koma. Ya zana lungun, ya zana ƙofar, yana cewa saura kaɗan.

Na uku, ranku ya daɗe, shi ne yadda kuɗi suka shigo cikin maganar, kuma ina roƙon ku saurare ni da adalci, domin babu mugu a cikin labarin nan.

Kusa da rumfar Sagiru akwai babban shagon wani dillalin wayoyi, Alhaji Haruna. Mutumin kirki ne, mai son ya ga yaro ya tsaya da ƙafarsa. Ya ga wasan ya yaba, ya ce wannan abu bai kamata ya ƙare a ɗakin tsohuwa ba, ya kamata duk mai jin Hausa ya same shi a wayarsa. Ya haɗa Sagiru da wani kamfanin talla na can wata jiha. Aka kawo masa sabuwar kwamfuta, Alhaji ya sa mana sola a gida don kada rashin wuta ya tsayar da aiki. Kamfanin kuma ya bayyana yadda ake cin riba a wannan sana'a. Wasan za a ba da shi kyauta, amma duk inda yarinyar ta kai mararraba, talla zai fito. Wasu unguwanni za a sa masu ƙofa da kwaɗo, wanda ke son wucewa ya sayi aninin cikin wasa da kuɗin gaske, ko ya jira gobe. Sannan za a riƙa sayar da wani ƙunshi a rufe, mai saye bai san abin da ke ciki ba sai ya biya: wataƙila sabon zane ne na yarinyar, wataƙila ba komai ba ne, sai ya sake gwada sa'arsa. Suka ce haka kowa ke yi.

Sagiru yana da yarinyar da yake nema, Rahama, kuma iyayenta sun yi haƙuri har haƙurin ya fara gajiya. Yana da tsohuwa a kwance da ke buƙatar magani kowane wata. Ya amince. Ni ma da ya shawarce ni ban ga aibu ba, don ban san yadda abin yake a ido ba sai da na gani.

Ya sa sabon wasan a wayoyin gida domin gwaji, har da ta Inna. Ranar an yi ruwa da rana, iska mai sanyi na shigowa ta taga, ina zaune a gefenta ina tsintar shinkafa. Ta ce mani yau gida za ta. Ta wuce marina, ta wuce durumi, ta karya kwana ta nufi lungunsu, tana 'yar waƙa a ƙasan maƙoshi. Kwatsam sai garin ya ɓace daga fuskar wayar. Kiɗa ya ɓarke, wani mutum ya fito yana ɗaga murya, yana kiran jama'a su zo su sa kuɗi a cacar ƙwallo su wayi gari da arziki. Inna ta firgita, wayar ta suɓuce ta faɗa kan ƙirjinta. Ta tambaye ni wane ne wannan, me yake yi a lungunsu, ɗan gidan wa ne. Na danna nan, na danna can, ya ƙi tafiya sai da ya gama abin da ya kawo shi.

Garin ya dawo. Ta yi ajiyar zuciya, ta ɗauki wayar, ta ci gaba. Ba ta yi nisa ba sai ga ƙofa a bakin lungun, ƙofar da ba ta taɓa sani ba, da ƙaton kwaɗo a jikinta da rubutu a sama. Ta ce in karanta mata. Na karanta: a biya anini, ko a dawo gobe.

Ta ƙura wa kwaɗon ido. Sannan ta ce, "Madina, ashe yanzu sai an biya ake shiga unguwarmu?"

Ta miƙo mani wayar, ta juya fuskarta bango. Daga ranar ba ta sake tambayar ta ba. Da safe idan na shiga, gaisuwa kawai muke yi, babu zancen kasuwa, babu zancen ganuwa. Ɗakin ya koma yadda yake a farkon ciwonta.

Na huɗu shi ne abin da kantin manhaja ya ce. Sagiru ya riga ya miƙa wasan, ya kuma nuna cewa na yara ne da iyali. Amsa ta dawo cewa ba a karɓa ba. Dalilansu a fili suke: wasan yara ba ya ɗaukar irin wannan talla, ƙunshin da ake saye ido rufe yana da sharuɗɗan da bai cika ba, kuma duk wani saye a wasan yara sai an bi ta hannun babba. Ran Sagiru ya ɓaci. Ya yi ta faɗa a tsakar gida, yana cewa mutanen da ba su san inda Katsina take ba, ba su san tsadar data ba, ba su san yadda ake neman na abinci a rumfa ba, su ne za su zauna can su yanke masa hukunci. Kuma wallahi akwai gaskiya a cikin fushinsa.

Alhaji Haruna ya kawo mafita, shi ma daga bakin kamfanin ya ji ta. Ya ce abin ba wuya: a goge inda aka ce na yara ne, a rubuta na manya ne. Da yawa daga cikin ƙa'idojin za su sauka, talla ya zauna, kwaɗo ya zauna. Yara kuwa ai da wayar iyayensu suke wasa, za su sauke shi ko an rubuta ko ba a rubuta ba.

Nan ne maganar ta tsaya a wuyan ƙanena. Kalma guda zai canza, ya samu kuɗin aure, ya samu na magani, ya riƙe kwamfutar. Kuma ya san sarai su wane ne za su riƙa tsayawa a bakin wannan kwaɗo: ɗalibaina ne, da 'ya'yan maƙwabta, da ƙannen Rahama. Ya yi kwanaki yana fita rumfa yana dawowa ba ya cin abincin kirki. Daga ƙarshe ya yi tunanin raba gardama. Ya shiga wurin Inna bayan la'asar, ya durƙusa, ya ce mata ya yi mata nata wasan na daban, babu talla, babu ƙofa, ita kaɗai ke da irinsa a duniya. Na jama'a kuma za a bar shi yadda kamfani ke so.

Inna ta juyo ta dube shi. Ta tambaye shi ko yaran da za su yi wancan wasan su ma gida za su. Ya ce e, Inna, duk wasa ɗaya ne. Ta ce, "To in ɗiyan mutane na tsaye bakin ƙofa, ni da wace fuska zan wuce su in shiga? Aje wayarka, Sagiru. Na gode."

Sagiru ya tashi ya fita. Washegari ya naɗe sabuwar kwamfutar a cikin kwalinta ya kai wa Alhaji Haruna, ya ba shi haƙuri, ya ce ba zai iya rubuta abin da ya san ba haka yake ba. Alhaji ya yi masa nasiha mai tsawo, ya ce zai sha wahala, kuma bai yi ƙarya ba. Ya karɓi kwamfutar tunda ta kamfani ce. Sola kuwa ya ce a bar ta inda take, tsohuwa ta sha iskar fanka, Allah ya kai ladan kabarin iyayensa. Har gobe suna gaisawa da mutunci.

Sagiru ya koma kan tsohuwar kwamfutarsa mai zafi kamar dutsen guga. Ya cire talla, ya cire kwaɗo, ya cire ƙunshi. Ya bar rabin garin kyauta, sauran rabin kuma uba ko uwa su biya sau ɗaya tak, farashi a rubuce ƙarara, shi ke nan har abada. Kantin ya karɓa. Ba zan ɓoye maku ba, abin da ke shigowa kaɗan ne. Kantin na cire kasonsa, da yawa daga cikin mutanenmu kuma katin bankinsu ba ya aiki a wurin. Wasu makarantu masu zaman kansu sun saya wa ɗalibansu, wannan ya taimaka. Har yau ƙanena yana gyaran waya a Ƙofar Kaura. An ɗaga bikinsa da Rahama, mahaifinta ya yi ƙorafi, ita ta ce ta ji ta gani. Yanzu an sa rana bayan babbar Sallah, kuma duk kuna cikin gayyata.

Kafin in faɗa maku yadda Inna ta ƙare da wasan, ku ba ni dama in miƙa kirana, tunda don shi aka tara mu.

Ina kira gare ku, matasa masu ƙera wasanni. Haƙƙinku ne ku ci daga guminku, babu mai hankalin da zai ce ku yi aikin banza. Amma ku tuna, wanda ya shiga wasanku ya saki jikinsa ne, ya ba ku amanar hankalinsa. Yana iya zama yaro, yana iya zama majinyaci, yana iya zama wanda duniya ta yi wa ƙunci ya zo neman wurin numfashi. Ku faɗi farashinku a bakin ƙofa, da rana tsaka, kowa na gani. Kada ku bari sai ransa ya kwanta, ƙafarsa ta yi nisa, sannan ku tare shi.

Ina kira gare ku, iyayenmu 'yan kasuwa. Katsina garin fatauci ne tun kaka da kakanni, ba mu ƙin talla, da shi muka tashi. Sai dai mai tallan da muka sani sallama yake yi, idan aka ce a'a ya wuce. Ku tallafa wa yaran nan ta hanyar da za su iya ɗaga kai a gaban iyayensu. Ku saya wa makarantar unguwarku wasa mai amfani, a rubuta sunanku sau ɗaya a farkonsa, a yi maku addu'a.

Ina kira gare mu iyaye da malamai. Mu zauna kusa da yaro idan yana wasa, ko da na ɗan lokaci ne. Mu ga wanda ke fitowa yana yi masa magana. Mu rufe hanyar saye a wayoyinmu da lambar sirri. Abin da ya firgita tsohuwa mai hankalin duniya, yaranmu kullum suna ganinsa, har ya daina firgita su, kuma wannan shi ya fi ba ni tsoro.

Su kuma masu kantunan manhaja, ban sani ba ko muryar malamar firamare za ta kai inda suke. Idan ta kai, ina cewa: ƙa'idarku ta tsayar da ƙanena a lokacin da yake buƙatar a tsayar da shi, mun gode. Amma ƙa'idar da kalma ɗaya ke kwance ta tana buƙatar gyara. Kuma ku sauƙaƙa wa mai gaskiya hanyar karɓar haƙƙinsa daga mutanen da kuɗinsu na hannu ne, domin idan halal ta yi wuya, ba kowane yaro ne ke da Inna a ɗaki ba.

To, ga ƙarshen labarin.

Ranar da wasan ya fito a kanti, Sagiru ya kai wa Inna waya ya ce mata wannan shi ne na kowa da kowa, yadda take gani haka kowane yaro ke gani. Ta sa ya maimaita, ya maimaita. Sannan ta karɓa. Ta bi hanyarta a hankali, muna zaune ba mai motsi, har ta shiga lungunsu, har ta kai ƙofar gidan mahaifinta. Ta taɓa ƙofar ta buɗe. A ciki babu komai sai fili da katanga, don Sagiru bai taɓa jin yadda cikin gidan yake ba. Ya fara ba ta haƙuri, ta ɗaga masa hannu. Ta ce rijiya tana dama da shiga. Ta ce rumbu biyu ne, ɗaya ya karkace. Ta ce akwai magarya a bayan madafa, kuma a gindinta ake ɗaure tunkiya. Duk daminar nan suka yi suna gina gidan, ita da baki, shi da hannu, abu bayan abu, har turmi da tabarmar da ke shanye a kan danga.

Da komai ya kammala, sai ya ce saura mahaifiyarta, wadda ta aiki yarinyar, wadda za a kawo wa amsa. Ya tambaye ta yadda fuskarta take. Inna ta rufe ido. Ta daɗe sosai, muna jin ɗigon ruwa daga indararo. Da ta buɗe, idanun sun jiƙe. Ta ce fuskar ta tafi, ta neme ta ta rasa. Abin da ya rage mata shi ne baƙin saƙin da take ɗaurawa, da kitson da ke saukowa kan wuyanta, da yadda kafaɗarta ke motsi idan tana tankaɗe.

Ta ce, "Ka zaunar da ita ta ba mu baya. Haka nike ganin ta."

Haka ya yi. Duk wanda ya kai ƙarshen wasan a cikinku zai ga wata mata zaune a gindin magarya, ta juya baya, tana tankaɗe. Yarinyar za ta shigo, ta sauke ƙwaryarta, ta zauna ta jingina da bayan matar. Babu rubutu, babu kiɗa. Za ka iya zama nan iya son ranka, babu mai tashin ka. Inna tana raye, alhamdu lillahi, na baro ta gida da safen nan. Yawancin ranaku bayan azahar takan kai yarinyar wurin, ta ɗora wayar a ƙirjinta, barci ya ɗauke su tare.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa ciwo ya zama kaffara. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, waɗanda muke tuna fuskokinsu da waɗanda fuskokinsu suka ɓace mana, ya haɗa mu da su a gidan Aljanna. Allah ya buɗa wa matasanmu hanyar abinci ta halal, ya sa albarka a basirarsu da hannayensu. Allah ya ƙara wa 'yan kasuwarmu arziki mai amfani. Allah ya tsare mana hankalin 'ya'yanmu, ya raya su bisa tarbiyya. Allah ya zaunar da Katsina lafiya, birni da ƙauye, ya ba mu damina mai albarka, ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya tarar da iyalinsa lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah. Na gode.